Yayen da Bai Ƙare Ba

A Kurfai, idan yaro ya isa yaye, ba uwarsa ce take yaye shi ba. Wata babba a dangi ce za ta zo ta goya shi ta tafi da shi gidanta, ya yi kukansa can inda uwar ba ta ji, ya manta nono, ya saba da fura, sannan a dawo da shi. Haka aka yi mini, haka aka yi wa duk wanda na sani. Ita ma ɗiyata haka aka yi mata, a cikin shekarun nan da ruwan sama ya ƙi zuwa. Sai dai ni ina kwance aka ɗauke ta, kuma ban san cewa kwanciyar ta zo zama ba ce.

Ni ba raguwa ba ce, wannan kam mutanen unguwarmu za su iya ba da shaida. Ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, aka samu 'yancin kai, muka jera a bakin hanya da 'yan tutocin takarda, rana tana dukanmu muna murna da abin da ba mu gama fahimta ba. Daga nan na je kwaleji a Yamai, na yi shekaruna, na dawo garinmu Filinge na yi aure a gidan da nake so. Da farko matan gidan sun zuba ido su ga ko 'yar boko za ta iya riƙe taɓarya. Na riƙe. Ni nake fara fitowa bayan asuba, na yi surfe, na yi bakace, na je rijiya na dawo kafin rana ta ɗaga. Surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, takan ce da baƙi, “Wanga boko bai ɓata ta ba.”

Ciwon ya fara da zazzaɓi, irin wanda kowa yake yi a ƙarshen damina, ko da yake daminar wannan shekarar suna kawai ta tara. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Na yi zazzaɓina, na sha magani, zafin jiki ya sauka. Aka ce na warke, ni ma na ce na warke. Amma wani abu ya rage a jikina bai fita ba. Sai in wayi gari kamar wadda ta kwana tana jan guga. Ƙafafuna su yi nauyi kamar an ɗura musu jiƙaƙƙen rairayi, gaɓoɓina su riƙa ciwo ba kumburi, maƙogwaro ya yi kaushi. In na daɗe a tsaye sai in ji duniya tana ja da baya. Abin da ya fi tsorata ni shi ne kaina. Ni da nake karanta littafi in ba da labarinsa, sai ga shi ina cikin salla in rasa raka'a ta nawa nake, ko surar da na haddace tun ina makarantar allo ta yanke mini a tsakiya, in tsaya ina laluben ayar da ke gaba.

Kuma ciwon yana da wata ɗabi'a da ta ɗaure wa kowa kai, har da ni. Ba ya kama ni ina cikin aiki. Yakan bari in gama, in ci abinci, in yi dariya da mutane. Sai washegari, ko jibi, ya zo ya danne ni in kasa ɗaga ludayi. Saboda haka masu ganina a tsaye ba su ne masu ganina a kwance ba, kuma ba wanda ya taɓa haɗa tsayuwar da kwanciyar.

Maigidana ya kai ni asibitin garin. Malamin asibitin ya duba idona da harshena, ya ɗebi jini, ya ce in dawo. Da na dawo ya yi mini magana da Faransanci, don ya ji na yi lakwal. Ya ce jinina lafiya lau. Ya ba ni bitamin, ya dubi layin matan da ke waje da 'ya'yansu masu jan gashi da kumburarren ciki, ya ce a hankali, “Madam, duk garin nan a gajiye yake.” Ban ji haushinsa ba. Kunya na ji. Na fito na ratsa ta gefen matan nan kaina a sunkuye, ni da kumatuna ba su ko faɗa ba.

Inna ta yi nata ƙoƙarin. An karɓo rubutu na sha, an turara mini hayaƙi, an jiƙa sassaƙe iri-iri. Maƙwabta wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki ne. Ni dai na ce daga Allah ne, domin ban san wata amsa da ta fi wannan ba, har yau kuma ban sani ba.

Da rumbu ya nuna gindinsa, shanun da suka rage suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, sai mazan gidan suka bi sauran maza zuwa kurmi, can ƙasashen kudu, neman abin da za su aiko. Maigidana ya tafi tare da su. Gida ya rage daga Inna sai ni, sai autarta, budurwa mai baki, wadda take abokiyar wasata tun da ƙanwar miji ce. A wannan lokacin ne yarinyar ta isa yaye. Babbar yayar maigidana, wadda nake kira Yaya, ta zo daga Bonkuku inda take aure. Can ƙasar fadama ce, ruwa yana kusa, suna da rogo da kabewa lokacin da mu muke tankaɗe dusa. Ta goya yarinyar, ta leƙo ɗakina ta ce, “Allah shi ba ki lahiya. In wata ya tsaya ni maido ta.”

Wata ya tsaya, wani ma ya tsaya. Ba a dawo da ita ba.

A nan sai na bayyana wani abu, don yaran yanzu sun fara mantawa. Yarinyar nan ita ce 'yar farina. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ta san da shi. In an tambaye ta lafiyarsa sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Alkunya ke nan, kuma ni na tashi a cikinta, ban taɓa ganin ta a matsayin nauyi ba. Tun ranar suna ban taɓa furta sunanta ba. “Ke” nake ce mata, ko “yarinyar nan”. To wadda ba ta iya faɗin sunan 'yarta, da wane baki za ta ce a dawo mata da ita? Ko tambayar ta yi ƙiba ko ta rame ba ni da ikon yi.

Yaya takan zo ranar kasuwa, ba kowace ba, da ɗan rogo da ganye a ƙunshe. Ta zauna wajen Inna a inuwar rumbu, ni kuma ina kan tabarma a bakin ƙofata ina kasa kunne kamar ɓarauniya. Daga nan nake tsintar labarin yarinyar: ta fara haɗa magana, tana bin awaki, ta ƙi furar da ta yi tsami.

Wata rana na ji Inna ta ce, “Ɗiyar ga hwa ta daɗe.”

Yaya ta ce, “Inna, ni ban riƙe ta don rowa ba. In uwar ta ji sauƙi, yau ma sai in kawo ta.” Ta juyo wajena. “Amarya, ya jikin?”

Na ce, “Da sauƙi, Yaya.”

Ta yi murmushi, ba na mugunta ba. Ta dubi turmin da ke jingine a gindin darni, ta ce, “Sauƙin mace ga bakin turmi aka ganin shi.”

Ba ta faɗa don ta soke ni ba. Haka kowa ya sani. Macen da ta tashi daga jinya, ranar da unguwa ta ji taɓaryarta ita ce ranar da ta warke. Ba mu da wani ma'auni sai wannan.

Auta ce ta ba ni labarin da ya sa na yi abin da na yi. Ta shigo da ƙwaryar kunu, ta dangwarar a gabana kamar yadda ta saba.

“Tashi ki sha, Madam kwaleji. Yau ma hutu anka ba ku?”

Na ce, “Hutun ƙarshen shekara ne, ke da ba ki shiga aji ba ina za ki sani.”

“Wanga hutu naku ko na gwamna bai kai shi ba. Ni in na yi aure, gidan da babu turmi za ni.” Ta zauna tana kaɗa ƙafa. “Kasuwa mai zuwa Yaya za ta zo da 'yar taki, Inna ta ce tana son ganin ta. Ki wanke ido, kar ta ɗauka kakarta ce.”

Na kau da kai kamar ba da ni take ba. Amma daga wannan ranar na fara tara ƙarfi kamar yadda ake tara ruwa a randa. Na daina fitowa bakin ƙofa. Salla a zaune, magana sai ta zama dole. Duk abin da aka ba ni na cinye, ko ba na so. Na roƙi Allah ya ara mini jikina na dā, na yini ɗaya tak.

Ranar kasuwar ta zo. Yaya ta iso da hantsi, da yarinyar a bayanta. Na gan ta ta gefen ido. Ta yi tsawo, an yi mata kitso ƙanana, wuyanta da laya sabuwa. Ta dube ni kamar yadda yaro yake duban baƙuwa, ta cusa fuska a kafaɗar Yaya.

A lokacin abin da muke ci jar dawa ce ta taimako, wadda ake rabawa a gidan kwamanda, babban jami'in gwamnati na garin. Ƙwayarta tauri kamar tsakuwa, mata suna cewa ta fi ƙarfin turmin Kurfai. Auta ta zuba ta a turmi, ta yayyafa ruwa, ta ɗauki taɓarya. Sai na tashi, na ɗaure zanena tamau, na ɗauki ta biyun.

Auta ta buɗe baki. “Ikon Allah. Matar yayana, kin tuna ta ina aka riƙe ta?”

Na ce, “Daka, ki bar surutu.”

Muka fara lugude, tata ta sauka tawa ta tashi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Jikina ya tuna abin da ya sani. Gumi ya karyo mini, ƙirjina ya buɗe, har na jefa taɓaryar sama na tafa na cafe, kamar yadda nake yi ina amarya. Maƙwabta suka leƙo ta saman darni suna barka. Wata tsohuwa ta ce dama ta faɗa, hayaƙin nan ba ya ƙarya. Muka surfe, muka wanke, muka koma muka yi ribɗi har ya zama gari. Duk wannan lokacin ban dubi inda yarinyar take ba, amma na san tana kan cinyar Yaya tana kallon taɓarya tana hawa da sauka.

Inna ta ce, “Alhamdu lillahi.”

Da la'asar Yaya ta tashi tafiya. Ta ninke majanyin goyon ta ajiye a kan tabarmar Inna, ta ce, “To, ga amanarku.” Ta yi ta jero wa Auta abin da yarinyar take so da wanda ba ta so, alhali da ni take. Sai a lokacin na lura cewa ita ma rabuwa take yi. Ta fita da sauri ba ta waiwayo ba, yarinyar ta bi ta da kuka har zaure, Inna ta ɗauko ta.

Washegari na tashi da ɗan nauyi, na ce ba komai. Na ba yarinyar kunu da hannuna, ta karɓa tana kallon ƙasa. Rana ta biyu kuwa, da na buɗe ido na san ciwon ya zo. Ban taɓa jin irinsa ba. Hasken da ke shigowa ta ƙofa kamar allura, kukan zakara kamar ana sara mini kai. Na yi niyyar ɗaga hannu in gyara kallabi, hannun ya ƙi.

Ranar rabon dawa ce. Inna ta ɗauki buhunta, Auta kuma tun da sassafe ta bi mata daji tsinkar anza. Inna ta tsaya a bakin ƙofata da yarinyar a hannu, ta ce, “Tun da kin samu lahiya, ga ta nan. Layin ga ba wurin yara ba ne.” Cikin ɗakin da duhu, ba ta ga fuskata ba. Da na ce mata ba zan iya ba, da ta tafi da ita. Amma shekaranjiya kaɗai duk unguwa ta ji taɓaryata. Na ce, “To, Inna.”

Anza 'ya'yan wani itace ne da yunwa take koya wa mutane ci. Ɗacinsu ba ya fita sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa. Tamu tana cikin wata babbar kwatarniya mai faɗin baki a tsakar gida, cike da ruwa, daidai inda nake hangowa daga shimfiɗata. Yarinyar ta ɗan zauna a bakin ƙofa tana wasa da ƙasa, sannan ta miƙe ta nufi kwatarniyar. Ta kama bakinta, ta leƙa. Ta ga 'ya'yan anzar a ƙasan ruwa, ta miƙa hannu ba ta kai ba. Sai ta yi ɗage, ta ɗora cikinta a kan bakin, ƙafarta ɗaya ta bar ƙasa.

Na yunƙura, na faɗo daga kan gadon kara zuwa ƙasa, iyakar abin da jikina ya ba ni ke nan. Na ce, “Ke.” Muryar ba ta wuce ƙofa ba. Na sake cewa, “Ke, yarinya.” Ba ta juyo ba. Ina za ta juyo, ba ta san wannan muryar ba, kuma a Bonkuku ba haka ake kiran ta ba. Ƙafa ta biyun ta tashi.

Sai na kira sunanta. Ban san inda na samo numfashin ba. Sunan ya fito baƙo a bakina, kamar kalmar wani yare. Ta ɗago kai, ta zamo ƙasa ta faɗi zaune, gaban rigarta sharkaf. Ta dube ni. Na sake kira, a hankali. Ta taso ta zo bakin ƙofa, ta tsaya tana kallon wannan matar da ke kwance a ƙasa. Na kai hannu na riƙe tsintsiyar hannunta. Riƙon ba ƙarfi, da ta ja kaɗan ta kuɓuce. Ba ta ja ba. Ta zauna tana wasa da gefen zanena, ni kuma ina ta karanta abin da ya zo bakina, har rana ta take tsaka.

Haka Inna ta same mu. Ta sauke buhun, ta dubi rigar yarinyar, ta dubi kwatarniyar, ta dube ni a ƙasa.

Na ce, “Inna, a aika wa Yaya.”

“A aika mata mi?”

“Ta zo ta ɗauke ta.”

Ta durƙusa kusa da ni, ta ce, “Ɗiyata, ba ke kinka yi daka shekaranjiya ba?”

“Ni ce.”

“To mi ya faru?”

Na ce, “Dakan ne wannan, Inna.”

Ta sa tafin hannunta a goshina, ba zazzaɓi. Ta riƙe hannuna ta ɗaga ta saki, ya faɗi kamar tsumma. Na ga tana lissafi a zuci, tana tuno ranar wankin da na yi kafin Salla da kwanciyar da ta biyo baya, da ranar da na raka ta gaisuwar mutuwa da abin da ya biyo baya. Ta ce, “Ashe daga baya yaka zuwa.” Ita ce mutum ta farko da ta gane, kuma daga ranar ba ta sake bari na taɓa taɓarya ba, ko a ranakun da nake jin kamar zan iya ɗaukar rumbu. In maƙwabta sun yi magana sai ta ce, “Ku bar mini ɗiya, ni na san abin da na gani.”

An yi shekaru da yawa kafin wani likita a Yamai ya gaya mini cewa ciwon sananne ne, yana da suna a littattafansu, gajiya ce da hutu ba ya kore ta, aiki kuma yana ƙara ta. Ya ce ba su da maganinta tukuna, sai dai mutum ya san iyakarsa ya tsaya kafin ya kai. Na yi masa godiya. Wannan na riga na koya a tsakar gidanmu. Na koyi tsinke ganye a zaune, da raba aikin yini ɗaya gida uku, da barin buki tun ana cikin daɗinsa. Ruwa ya dawo, maigidana ya dawo, daga baya Allah ya ba ni 'ya'ya maza, suka tashi a cikin gida a hannun kowa ina kallon su. Amma ita yarinyar a Bonkuku ta girma. Yaya ta ɗauka uwa, ita take kira Inna, kuma ta cancanci a kira ta haka.

Ranar kasuwar da Yaya ta zo ɗaukar yarinyar, ba ta ce “dama na faɗa” ba. Ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, ta ce, “Amarya, kowace Salla ni kawo ta ta yini.” Ta kuwa cika, har yarinyar ta yi aure. Ita yarinyar tun da ta ji muryar Yaya ta sheƙa da gudu ta rungume ƙafafunta, tana ba ta labari da gwarancinta. Ba ta yi kuka ba da aka goya ta. Na gode wa Allah da ba ta yi ba.

Baƙo ana raka shi, ko da taku kaɗan ne. Na dafa bango na bi su har zaure, a nan ƙafafuna suka ce iyakarsu ke nan, na zauna a dakalin ƙofa. Auta ta ɗauki ƙunshin kayan ta wuce da su tashar mota. Daga inda nake ana ganin hanya har zuwa kwanar masu saƙar tabarma. Na bi kan yarinyar da ido yana lilo a bayan Yaya, har jama'ar kasuwa suka shiga tsakaninmu.

Da Auta ta dawo ta same ni a wurin. Na gwada tashi na kasa. Ta tsaya a kaina, na jira ta faɗi abin da ta saba. Sai ta juya mini baya ta tsuguna.

“Hau, matar yayana.”

Na ce, “Mutane suna gani.”

“Su gani. Hau.”

Na rataya hannuwana a wuyanta, ta miƙe da ni, muka ratsa tsakar gida. A bakin ƙofar ɗakina ta ɗan gyara ni a bayanta, ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, “Ke kam ba ki da nauyi. Ina kinka ajiye gajiyar ga duka?”